Kun Tuhumi Kishiya, Kun Ƙyale Ƙura

Mace ta yi ɓari sau uku a gidan miji, shi ke nan gida ya zama kotu. Uwar miji ta ce dama danginsu haka suke, ba sa riƙe ciki. Uwar yarinya ta ce hannun kishiya ne, ai tun ranar da aka kawo ta take mata kallon hadarin kaji. Wata gwaggo ta rantse namijin dare ne, a gaggauta kai ta ruƙiyya. Mai magani da lasifika a bakin kasuwa ya ce sanyi ne ya cinye mahaifa, ga kwalba nan, a sha safe da yamma. A wanke allo ta sha, a turara ta, a ɗaura mata laya a ƙugu. Maigida kuwa, da shekara ta zagayo bai ga goyo ba, sai ya fara cigiyar gidan da ke da 'yan mata.

A duk zaman shari'ar nan babu wanda ya buɗe baki ya tambayi sana'ar maigidan. Babu wanda ya tambayi abin da yake shigowa da shi a jikin rigarsa da gashin kansa, ko daga wace rijiya ake ɗebo ruwan sha, ko da me matar take hura wuta. Wannan sakaci ne, kuma zalunci ne a kan wadda ta riga ta zubar da jini ta rasa ɗa. Da ku nake, magidanta, kafin in zo kan kowa.

Hujjar tana ƙofar gidanmu. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka shiga wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka a Zamfara suna bin sawun sanƙarau, sai suka tarar da abin da ba shi suka je nema ba. Yara ƙanana na amai, suna jijjiga, suna suma, suna mutuwa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba su na sanƙarau, babu sauƙi. Da aka gwada jininsu sai ga gubar dalma, a jikin da yawansu ma ta wuce iyakar abin da na'urar gwajin ke iya karantawa.

Ba daga sama ta faɗo ba. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, duwatsun yankin kuma suna da zinare, amma cakuɗe da dalma mai yawa. Maza su haƙo, su cika buhuna, su kawo cikin gari. A farfasa da guduma, a zuba a irin injin da ake niƙa hatsi da shi, ƙura ta turnuƙe unguwa. Saura a shigar cikin gida, mata su daka a turmi, su tankaɗe, su baza a tsakar gidan da ake shanya gero, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu daga ciki ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a shekara ɗaya. Ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Jimillar da aka riƙe a faɗin yankin ita ce aƙalla yara 400.

Waɗannan 400 ɗin yara ne da aka haifa, aka yanka musu rago, aka raɗa musu suna, aka yi musu sutura. Cikin wata uku da ya zube a bayan ɗaki ba ya cikin wannan lissafi. Ba a zaman makokinsa, ba a kai rahotonsa wurin mai unguwa. Ita kuwa wadda ta daka dutsen nan a turmi, ƙurar da ta kashe ɗan da ke goye a bayanta ita ma ta shaƙe ta, ta haɗiye ta, kuma tana nan a jikinta.

Nan ne ya kamata kowa ya natsu ya ji yadda abin yake. Dalma ba ta daɗewa a jini, cikin wata guda ko makamancin haka rabinta ya bar shi. Sai dai ba duka take fita waje ba. Jiki yana ɗaukar ta a matsayin kalsiyam, sinadarin da ake gina ƙashi da shi, sai ya kai ta ƙashi da haƙori ya ajiye. A jikin babba, sama da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke tare da shi a ƙashi take, kuma tana iya yin shekaru gommai a wurin. Ƙashin mace rumbu ne. Ranar da ta ɗauki ciki jiki zai buɗe shi ya ɗebo abin da zai gina ƙashin ɗan tayi, kuma duk abin da aka zuba a ciki tare za a ɗebo su. Dalmar ta dawo jini, ta ratsa mabiyiya, ta isa wurin ɗan da ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa. In uwar ba ta samun nono da kifi da ganye yadda ya kamata, jiki ya fi yasar ƙashin nata. In tana da ƙarancin jini, kamar yawancin masu cikinmu, hanjinta ya fi tsotsar dalmar da ta haɗiya. Daga nan sai hawan jini a cikin goyon ciki, wanda ke iya kai wa ga jijjiga, sai ɓari, sai bakwaini, sai jariri ɗan mitsitsi, sai ɗa ya zo babu rai. Wanda ya rayu kuma yana iya tashi da nauyin fahimta, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a fili cewa babu wani ma'auni na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Maganin da ake ba yara ya janye ta daga jiki kuwa, likitoci ba sa son ba mai ciki shi sai abu ya yi tsanani ƙwarai. Hana ta shiga shi ne kusan duk abin da ke hannunmu.

Wannan ba sabon ilmi ba ne da za mu ce bai iso mu ba. Tun a 1860 wani likita a Faransa, Constantin Paul, ya rubuta yawan ɓari da haihuwar gawa a tsakanin mata masu aikin dalma, har da matan da su ba sa aikin, mazansu ne ke yi. A ƙarshen ƙarni na 19 matan wasu garuruwan Ingila, irin su Lesta da Shefild, haɗiyar ƙwayoyin dalma suke yi da gangan don zubar da ciki, saboda sun san aikinta. A zamaninmu ma, da hukumomin garin Flint a Amurka suka sauya wurin ɗebo ruwan famfo a 2014, ruwan ya ci tsofaffin bututu ya kwaso dalma zuwa gidaje, masana suka auna suka ga haihuwa a garin ta ragu da kusan kashi 12 cikin 100. Abin da wasu suka sha don ɓarar da ciki, shi muke bazawa a tsakar gida, sannan mu zauna muna zargin kishiya.

Yanzu maigida, matso kusa, da kai za mu yi wannan. Wa ya gaya maka rashin haihuwa ciwon mata ne? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da wannan matsala a rayuwarsa, kuma likitocin fannin sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da suka kasa samun ciki akwai hannun ɓangaren namiji. Ƙarfin shimfiɗa daban, iri daban. Namiji yana iya zama lafiya ƙalau a ɗakinsa alhali maniyyinsa babu ƙwayar haihuwar kirki. Jiki yana ɗaukar kimanin wata biyu da rabi kafin ya gama haɗa waɗannan ƙwayoyi, kuma dalma da wasu magungunan ƙwari suna rage yawansu, suna kashe musu kuzari. A 1977 ma'aikatan wata masana'antar maganin ƙwari a garin Lathrop na Kalifoniya suka lura a tsakaninsu cewa masu aiki a sashe ɗaya sun daina samun ƙaruwa. Da aka gwada su sai aka tarar wasu ba su da ƙwayar haihuwa ko ɗaya, sanadiyyar wani sinadari da ake kira DBCP. Daga baya wannan sinadari ya yi wa ɗimbin ma'aikatan gonakin ayaba a Kosta Rika da Nikaraguwa irin wannan ɓarna. Abin lura a labarin shi ne su mazan ne suka tuhumi aikinsu, suka miƙa kansu aka gwada.

Kai fa? Matarka ta sha jiƙo har ya fita ranta, an yi mata hoto, an yi mata wankin ciki, an duba ta ciki da waje, likita ya ce a zo da miji, ka ce kai lafiyarka lau, ba ka da lokaci. Gwajin naka ƙaramar kwalba ce kawai, kuɗinsa bai kai na akwati ɗaya a kayan lefe ba. Ka ƙi kwalbar, ka haɗa lefen. Amaryar kuma ina za ka ajiye ta? A cikin ƙurar da ta farko ke shaƙa, ta wanke rigar da ta farko ke wankewa.

Kuma kada wanda ba ya haƙar zinare ya ce ba da shi ake ba. Mai fasa tsohon batirin mota yana narka dalmarsa a bayan shago yana ciki. Mai ƙona waya don ya ciro tagulla yana ciki, da mai kankare tsohon fenti, da mai narka tarkacen ƙarafa yana zuba tukwane. Ku dubi mai feshi a gona da damina. Ya tsiyaya maganin a murfi, ya juya shi da sanda ko da hannu, ya saɓa tanki a baya, ƙafa babu takalmi, hanci babu kariya. Tankin na yoyo, maganin na bin gadon bayansa har cikin wando. Ya tsaya ya ɓare goro da wannan hannun. Da yamma ya cire rigar ya miƙa wa mai cikin wata biyar ta wanke da hannunta, jarkar maganin kuma a ɗauraye ta a zuba man gyaɗa. Da dare a yayyafa fiya-fiya a ɗaki saboda sauro, a rufe taga, a kwanta. Wannan fiya-fiyar da ake barbaɗa wa wake a buhu ita ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Su sun ƙi a kai musu, mu muna dafa wa mai ciki da sunan ƙarin jini.

Madafi kuwa maza da yawa ba su san cikinsa ba, tuwon kawai suka sani. Ɗaki ne ƙarami, rufin ya yi baƙi ƙirin, taga ɗaya tal an toshe ta da tsumma. Itacen ɗanye ne, ya ƙi kamawa, sai ta ɗauko leda ko guntun katifa ko tsinkakken silifa ta cinna, robar na ɗiga tana ci da wuta. Ta durƙusa da ciki a gaba tana hurawa da baki, ido na zubar da ruwa, safe da rana da dare. Hayaƙin itace da gawayi yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ke manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu, ɗan da ke ciki kuma ba shi da wata iska sai wadda jinin uwarsa ya kai masa. Shi ya sa bincike a ƙasashe da dama ya danganta wannan hayaƙi da ƙarancin nauyin jarirai da haihuwar gawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. A birni kuma mun ƙara da janareta a bakin tagar ɗakin kwana, da bolar da ake cinna wa wuta a kan layi da magariba. Mutumin da ke canza waya duk shekara, fasa taga ta biyu a madafi ya gagare shi.

Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, ku ma akwai naku. Tandun kwallin nan da kuke ji da shi, yawancin kwallin dutse cike yake da dalma. A 2011 likitoci a Boston suka gano guba a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, suka bi sawu har zuwa kwallin da aka kai masa daga gida, aka auna aka ga sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Ku kuke ranɓaɗa wa mai ciki, ku kuke zizara wa jaririn kwana ɗaya wai don ido ya yi haske. Farar ƙasar da mai ciki ke gurgura, ku ce a ƙyale ta kwaɗayin ciki ne, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma an sha samun dalma a irin wannan ƙasa. A kai ta awo a ba ta maganin ƙarin jini.

Ga zaiba kuma. Daga Anka har Ɗan Isa a jihar Maraɗi, da ita ake kama garin zinare, sannan a ɗora curin a kan garwashi ta ƙone ta bar zinaren. Tururinta ba shi da launi, ba shi da wari, kuma akwai masu ƙona ta a cikin ɗaki don kada maƙwabci ya ga abin da suka samu. Wadda ta zube a rafi kuwa tana juyewa ta shiga kifi. Irin wannan ce ta yi ɓarna a Minamata ta Japan, inda aka tabbatar da cutar a 1956. Uwa tana yawonta ba ta jin komai sosai, ta haifi ɗan da ba ya iya riƙe kansa, ba ya magana.

Kada wani ya ɗauko mini ƙaddara. Haihuwa ta Allah ce, babu mai musu. Arzikin zinaren ma na Allah ne, amma ban ga wanda ya zauna a zaure yana jiran sa ba. Kun shiga rami mai zurfin gaba goma da tocila a goshi, kun kama sababi da hannu biyu. Sai da aka zo kan lafiyar ciki ne za a naɗe hannu a ce haka Allah ya so? Kada kuma a ce na ɗora kowane ɓari a kan guba. Ciki da yawa yana zubewa a farkon watanni saboda bai ƙullu daidai ba tun asali, wani zazzaɓin cizon sauro ne, wani ciwon sanyi ne na gaske da ya toshe hanyar ƙwai. Likita ne zai rarrabe. Abin da nake ƙi shi ne jerin waɗanda muke tuhuma ya ƙunshi kishiya da maye da aljani, amma babu ƙura babu hayaƙi, alhali su ne ake iya aunawa a gani.

Maganar talauci ma na ji ta. Noma ba ya ciyar da gida, 'yan bindiga sun hana zuwa gona, gas ya fi ƙarfin talaka. Gaskiya ne, kuma ba zan ce wa mai jin yunwa ya bar ramin da yake ci a ciki ba. Amma wane kuɗi ake kashewa a bar dutse a bayan gari? Nawa ne a ajiye rigar aiki a wurin aiki, a yi wanka kafin a ɗauki yaro, a raba injin hatsi da na dutse? An gwada niƙa da ruwa a wuraren haƙa a arewacin nan, ƙurar ta ragu ƙwarai. Wanda ya sani ya ƙi yi, ba talauci ne ya hana shi ba.

Masu mulki kuwa nasu ya fi na kowa muni, don su sun sani tun farko. An san halin da Bagega ke ciki tun 2010, kuma likitoci sun ce ba amfanin ba yaro magani ya koma cikin ƙasar da ta sa masa gubar, sai an kwashe ta tukuna. Kuɗin kwashewar bai fito daga gwamnatin tarayya ba sai farkon 2013, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta kururuwa. Aka ce an koyi darasi. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka tafi. Akwai hukumar NESREA tun 2007 da aka ɗora wa tsare dokokin muhalli, amma duk wanda ya san Kano ya san kalar ruwan da ke fita daga Challawa da Sharaɗa da Bompai, ya san kuma a gefen Jakara ana ban-ruwan latas da alayyafo da abin da ke kwarara a cikinta. A ɗakin awo ana auna hawan jini, ana duba fitsari, ana sauraren bugun zuciyar ɗa. Ma'aikatan jinya nawa ne aka koya musu su tambayi mai ciki aikin mijinta, da inda yake ajiye kayan aikin? Tambaya ba ta cikin kasafin kuɗi, balle a ce ba a saki kuɗinta ba. Malamanmu kuma, da ke iya cika huɗuba guda a kan tsadar kayan ɗaki, su gaya wa maza daga kan mumbari cewa shigo wa iyali da guba cutarwa ce, kuma cutarwa haramun ce. Maza sun fi jin ta daga bakinsu fiye da daga bakin likita.

A watan Disamba na 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019, zinare kuma ya fi yadda yake a 2010 tsada nesa ba kusa ba. Yarinyar da take shekara 3 a Dareta ko Bagega lokacin da annobar ta ɓulla, wadda ta tsallake rijiya da baya, ta cika 18 a 2025. A ƙauyukan nan wannan matar aure ce, wata ma da ciki na biyu. Abin da ta haɗiya tana rarrafe bai gama barin ƙashinta ba. Ma'aikatar lafiya ta Zamfara ta san sunayen ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata ta kai na'urar gwajin dalma ɗakunan awo na Anka da Bukkuyum, a gwada jinin kowace mai ciki da ta fito daga can, a ba ta kalsiyam da maganin ƙarin jini, a kuma kira mijin a gwada nasa.